Nazarin Lamari: Ƙungiyar Sikawut da Ta Shekara Tana Jiran Kuɗin Gwamnati a Zariya

Ƙungiyar da yadda take tafiya kafin matsalar

Ƙungiyar da ake magana a kanta tana wata makarantar sakandaren gwamnati ta maza, ta jeka-ka-dawo, a cikin birnin Zariya. A farkon shekarar karatu ta 2022/2023 tana da yara 32, masu shekara 12 zuwa 17, an kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni yara takwas har da shugabansu. Jagoransu malami ne a makarantar, mataimakinsa kuma tsohon ɗalibi ne mai sana'ar walda. Suna haɗuwa ranar Alhamis bayan la'asar, domin ita ce ranar da Islamiyya da makarantar allo ba sa riƙe yara. Kayan da suka gada tanti uku ne tsofaffi, ɗaya ya yage ta saman, sai igiyoyi, usur biyu, tuta, da akwatin taimakon gaggawa da babu komai a cikinsa sai bandeji.

Sikawut ba sashe ba ne na gwamnati. Baden-Powell ne ya fara shi a Ingila a 1907, ya iso Najeriya a 1915, kuma tun asali aikin sa-kai ne da ke tsaye a kan ƙaramin rukuni: yara shida zuwa takwas su tsara aikinsu, su dafa abincinsu, su kula da kayansu, babba yana kallo daga gefe. Amma da yake a nan ƙasar ƙungiyoyi da yawa a makarantun gwamnati suke, kuma ba a cika ganin 'yan sikawut ba sai ranar faretin 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, iyaye da yawa sun ɗauka gwamnati ce ke ɗauke da su.

Kuɗin ƙungiyar ta hanya uku suke shigowa: ɗan abin da shugaban makaranta ya ga dama ya ware, kuɗin mota da na ruwa da ake bayarwa ranar fareti, da kyautar wanda ya ji tausayi. Babu ko ɗaya daga ciki da ke rubuce. Babu littafin shiga da fita, babu asusu da sunan ƙungiyar, yara ba sa biyan komai. Abubuwa biyu kuma sun riga sun rage wa shugabannin makarantu sakewa. Tun 2015 Jihar Kaduna ta koma tsarin asusun bai-ɗaya, wanda ya tattara kuɗin hukumomi wuri guda, sannan gwamnati ta mayar da karatu kyauta a makarantunta tare da hana karɓar kuɗi daga ɗalibai.

Nuwamba 2022 zuwa Afrilu 2023: takardar neman tallafi

A watan Nuwamba jagoran ya rubuta wa ofishin da ke kula da harkokin matasa takarda, yana neman naira 400,000 don kai yara sansanin kwana huɗu a wajen gari lokacin hutun zango na biyu. Takardar shafi ɗaya ce. Jimillar kuɗi kawai aka rubuta, ba a fasa ta ba. A cikin lissafin da ya ajiye wa kansa, shatar mota ta ci kusan kashi biyu cikin biyar, abinci kusan kashi ɗaya cikin uku, ragowar na yunifom da gyaran tanti.

A watan Janairu aka gaya masa da baki cewa an amince. Wannan kalma ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Kafin kuɗin gwamnati su fito daga takarda su shiga hannu, sai sun bi matakai da ba a tsallake ɗaya. Sai an sami kaso da aka ware wa irin wannan aiki a kasafin shekarar. Sai mai ikon amincewa ya sa hannu a fayil. Sai an fitar da takardar izinin kashewa. Sai baitulmali ya tabbatar akwai tsabar kuɗin da za a biya. Sannan a rubuta baucar biya, masu binciken kuɗi na cikin gida su duba, a tura kuɗin asusun mai karɓa. Sa hannun da jagoran ya ji labari mataki na biyu ne kawai, kuma an yi shi alhali na farko babu shi.

Dalilin rashinsa lokaci ne. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, ma'aikatu kuma tun tsakiyar shekarar da ta gabata suke tattara buƙatunsu. Takardar da ta shigo a Nuwamba ta tarar an riga an ɗinke kasafin 2023. Abin da ya rage mata shi ne a tsakuro daga kuɗin gudanarwa na yau da kullum, inda take gogayya da man janareta, takardun ofis da alawus ɗin tafiya. Ko da an so a biya, akwai cikas uku daga ɓangaren ƙungiyar kanta: ba ta da asusun banki da sunanta, ba ta haɗa da shaidar rajistar yaranta ta shekarar ba, kuma kuɗin faretin baya da aka ba ta ba a taɓa kai rasit ɗinsu ba. A aikin gwamnati wanda bai kawo bayanin yadda ya kashe na baya ba, fayil ɗinsa na gaba zama yake yi.

Sai kuma lokacin ya zo da nasa. Canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi daga Janairu zuwa Maris, aka yi zaɓe a 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, azumi ya kama a 23 ga Maris. Aka ɗage sansanin zuwa dogon hutu.

Mayu zuwa Agusta 2023: bashi, haraji da watsewa

Bisa dogaro da maganar amincewa, jagoran ya sa wani tela a Tudun Wada ya ɗinka yunifom 20, ya ba da wani abu, saura naira 45,000 bashi. Ya kuma ba direban bas kafin alƙalami na naira 20,000 daga albashinsa.

Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Yuli ta wuce 600. Direban ya dawo ya ce tsohon ciniki ya tashi, sabon kuɗinsa ya fi ninki biyu, kafin alƙalami kuma ya shiga gyaran mota. Ko da naira 400,000 ɗin ta fito a ranar, ba za ta kai yaran inda aka nufa, ta ciyar da su, ta dawo da su ba.

Matakin farko da aka gwada shi ne haraji: kowane yaro ya kawo naira 5,000 cikin mako biyu. Tara ne suka kawo. Babbar Sallah ba ta daɗe da wucewa ba, a ƙarshen Yuni, damina ta yi nisa, masu noma kuɗinsu na wajen taki, hatsin bara ya kusa ƙarewa a gidaje. Babu rasit, babu takardar da ta nuna me za a yi da kuɗin. Tambayar da iyaye suka riƙa yi ɗaya ce: "Malam, ba gwamnati ce ke biya ba?" Wani uba ya kai ƙara, shugaban makaranta ya tsayar da karɓar nan take domin ta saɓa wa dokar hana karɓar kuɗi, aka mayar wa kowa nasa.

Mataki na biyu, taron ƙaddamar da asusu. An yi hayar rumfa, kujeru da lasifika, manya suka yi alƙawari, abin da aka tara a hannu da ƙyar ya biya hayar. Na uku, wani ɗan siyasa ya aiko da riguna masu ɗauke da hotonsa. Sikawut ba ya shiga siyasar jam'iyya, saboda haka rigunan suna nan a buhu.

An sake ɗage sansanin a Agusta. A gaskiya ko da kuɗi bai kamata a sa shi a wannan wata ba, domin shi ne tsakiyar ruwa a Zariya, ga sauro, ga tantin da ke yoyo. Da aka dawo makaranta a Satumba yara 11 ne suka zo taron farko. Cikin watannin jiran an daina koyar da ƙulli, taswira da taimakon gaggawa, an koma fareti kaɗai, domin komai an ce sai a sansani. Manyan yaran, har da shugabannin rukuni, su suka fara janyewa.

Satumba zuwa Disamba 2023: sake tsari

Mataimakin shugaban makaranta ne ya kira zama. Aka kafa kwamitin mutum biyar: iyaye biyu, tsohon ɗalibi ɗaya, shi mataimakin, da jagoran. Aka ba ɗaya daga cikin iyayen, ɗan kasuwa a Sabon Gari, aikin ma'aji. Shawarar farko ita ce malami ba zai ƙara riƙe kuɗi ba. Ta biyu, duk abin da za a tara na sa-kai ne, kwamitin iyaye ke karɓa ba makaranta ba, kuma shugaban makaranta ya ba da izini a rubuce da sharaɗin ba za a kori yaro don bai biya ba.

Daga nan aka baje duk abin da ƙungiya ke kashewa aka raba shi gida uku bisa tambayar wa ya dace ya ɗauka.

Gida na farko na yaro ne shi kaɗai: kwano, cokali, kofi, buta, tabarma, bargo, sabulu, tocila, takalmi mai rufe ƙafa. Kusan duka akwai su a gida, ba sai an saya ba. Yunifom aka cire shi daga sharaɗin shiga. Abin da aka wajabta shi ne ƙyallen wuya a kan rigar makaranta. Yadi mai faɗi da tsawo santimita 90 idan aka yanka shi daga kusurwa zuwa kusurwa yana ba da ƙyalle biyu, saboda haka yadi 16 ya ishi yara 32. Zoben ƙyallen yaran suka yi da kansu daga guntayen fata da suka roƙo wajen dukawa. Yunifom 20 ɗin da aka ci bashi aka mayar da su kayan ƙungiya, ana ara wa yaro ya sa hannu, in zai bar makaranta ya dawo da shi a wanke.

Gida na biyu na rukuni ne: tukunya, tamfol, igiya, itace, abincin sansani. Don wannan aka sa naira 100 duk Alhamis. Kowane yaro yana da kati, kowane rukuni yana da littafi mai layi huɗu: suna, kwanan wata, abin da aka biya, sa hannu. Wanda ba shi da kuɗi yana da hanya biyu. Ko ya kawo hatsi lokacin kaka, a auna a rubuta masa da farashin kasuwa na ranar, ko ya yi aikin ƙungiya, kamar ɗinke tanti da ban-ruwan shuka, a rubuta masa awa ɗaya a madadin kuɗin mako ɗaya. A littafin duka da alama iri ɗaya ake rubuta su, don kada a gane wa ya biya da kuɗi, wa ya biya da gumi.

Gida na uku shi ne abin da ba yaro ba, ba iyaye ba, sai hukuma: fili, izini, tsaro, ruwa, lokacin malami, da horar da jagorori.

Bashin tela bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba. Kwamiti ya ce yaran ba su ci bashin ba, ba za a biya shi da naira ɗari-ɗarinsu ba. Tsofaffin 'yan ƙungiyar suka ɗauka, naira 5,000 duk wata daga Oktoba, aka gama a wata na tara. Kafin alƙalamin direba kuwa jagoran ya yafe.

Tsarin bai tafi sumul ba. A mako na biyar aka tarar littafin wani rukuni ya nuna naira 1,400 da babu su. Shugaban rukunin, ɗan shekara 15, yana tafiya da kuɗin gida har ƙarshen wata, ya ranta wa kansa da niyyar mayarwa. Ba a tona shi gaban yara ba. An zauna da shi da mahaifinsa, ya biya cikin mako huɗu, ya ci gaba da shugabancinsa. Kwamiti ya ɗauki laifin a matsayin na tsari, aka gyara: kuɗi ba ya kwana a hannun yaro, ana miƙa wa ma'aji ko wakilinsa kafin magariba, mutum biyu su sa hannu, kuma a taron farko na kowane wata a karanta jimillar da ƙarfi kowa ya ji. An buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu cikin uku.

An kuma gwada rainon itatuwa don sayarwa: zogale, darbejiya da mangwaro a ledar ruwan sha da aka tsinto, ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, takin gida ɗaya, a huda ƙasan leda don ruwa ya tsiyaye. Shukar farko ta mutu a hutun Disamba. Ba a raba kwanakin ban-ruwa ba, ba a yi shinge ba, abin da rana ta bari awaki suka ƙarasa. Da aka sake, an yi shingen kara, aka mayar da wurin kusa da rijiyar maigadi, kowane rukuni da makonsa. Kuɗin da ya kawo ba su taka kara sun karya ba, amma ya samar da aikin da marasa kuɗi ke biya da shi.

Zuwa ƙarshen zangon yara 24 ke zuwa a kai a kai. Da kowa ya biya duk mako na makonni 12, da an tara naira 28,800. An sami kusan kashi uku cikin huɗu na hakan, ban da masara da wake da aka kawo.

Fabrairu 2024: sansanin da aka yi

An fara da tambayar da ya kamata a yi tun 2022: me ake so yara su koya, kuma wane wuri mafi kusa ne zai ba da shi? Amsar ta kawar da mota gaba ɗaya. Aka samu filin wata makaranta mai katanga ta ɓangaren Wusasa, inda yara za su taka da ƙafa, kaya kuma a keke napep sawu biyu. Kwana huɗu ya koma biyu. An zaɓi ƙarshen makon da ya biyo bayan 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell da 'yan sikawut ke tunawa, daga bayan sallar Juma'a zuwa Lahadi da azahar. Babu ruwan sama, sanyi ya fara sauƙi, azumi kuma sai Maris.

Mako uku kafin ranar aka kai wa DPO na yankin da mai unguwa takarda. Kowane uba ya cika takardar amincewa mai lambar waya da tambaya kan sikila, asma, farfaɗiya da maganin da yaro ke sha. Wanda bai kawo ba bai je ba, yara biyu suka rasa tafiyar ta haka. Yara 27 suka je, manya huɗu. Dokokin manya uku ne: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, manya ba sa kwana a rumfar yara, gadin dare na manya ne da maigadi, ba na yara ba.

An yi lissafin ruwa a kan lita 15 ga kowane mutum a rana, wato lita 465 a rana, jarka 19 ta lita 25. Na sha aka ware a jarkoki masu murfi aka sa maganin tace ruwa bisa umarnin da ke jikin kwalbar. Abinci an auna shi da sikeli, domin mudun wata kasuwa ba na wata ba ne: shinkafa giram 150 ga mutum a ci ɗaya, wake giram 60, wato kusan kilo biyar na shinkafa da kilo biyu na wake ga kowa da kowa. Da safe koko da ƙuli-ƙuli, da rana garau-garau, da dare tuwon masara da miyar kuka. Kowane rukuni aka ba shi kasonsa ɗanye, ya kafa murhunsa. Wurin kwana tamfol ne a kan igiyar da aka ɗaure tsakanin sanduna biyu masu tsawon mita biyu, a kafe gefuna da turaku, a juya baya ga arewa maso gabas inda iskar hunturu ke fitowa. Akwatin taimakon gaggawa an cika shi, aka manna masa takardar haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abubuwa huɗu suka ɓaci. Ruwa ya ƙare da la'asar ranar Asabar, domin alwala sau biyar ta mutum 31 da wankin tukwane huɗu sun ci fiye da yadda aka zata, sai da aka kira mai kura. Itace bai isa ba, domin murhu huɗu sun fi murhu ɗaya ci nesa ba kusa ba. Wani rukuni ya zuba shinkafa da wake lokaci ɗaya, shinkafa ta caɓe wake bai nuna ba. Yara uku kuma sun zo babu bargo duk da yana cikin jerin kaya.

Yadda manya suka bi da waɗannan ya bambanta, kuma da gangan ne. Ruwa da bargo an magance su nan take, domin sun shafi lafiya: aka sayi ruwa daga ajiyar kashi goma cikin ɗari da aka ware, aka ara wa yaran barguna. Ɗanyen wake kuwa ba wanda ya taɓa. Rukunin ya ci abin da ya ciwu, ya cika da garin kwaki, washegari suka fara ɗora wake tukuna. Da safiyar Asabar an hau Dutsen Kufena rukuni-rukuni da taswirar da yaran suka zana. Duk abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka nema a 2022 ba, kuma ma'aji ya karanta lissafin gaban iyaye a mako mai zuwa, da rasit inda akwai rasit, da sa hannun shaidu biyu inda babu, kamar itace da ruwan kura.

Maris 2024 zuwa ƙarshen shekara

Ranar 7 ga Maris 'yan bindiga suka sace ɗalibai sama da 100 daga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun. Bayan wannan babu uban da zai sa hannu a takardar kwana a waje, kwamiti ma bai nema ba. Sauran ayyukan shekarar duk na yini ne, a fita da safe a dawo kafin magariba.

A watan Yuni aka sake rubuta wa ofishin takarda, wannan karo kafin a tattara buƙatun kasafin shekara mai zuwa. Shafi uku ce: sunayen yara da shaidar rajista, lissafin sansanin Fabrairu, bayanin asusu, da buƙatu uku da aka fasa ɗaya bayan ɗaya. Ba a nemi kuɗin abinci ko na yunifom ba. An nemi tamfol huɗu, ma'aikacin lafiya da zai koyar da taimakon gaggawa, da kuɗin kwas ɗin horar da jagorori ga mutum biyu. Ma'aikacin lafiyar ya zo daga asibitin sha-ka-tafi na unguwa cikin wata ɗaya, domin wannan takarda kawai yake buƙata, ba baucar biya ba. Tamfol biyu suka iso daga sito. Kuɗin horo ba su fito ba har shekara ta ƙare.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 11 ga Yuli cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wasu iyaye suka ce ai yanzu kuɗi za su sauko, a dakatar da ɗari-ɗarin. Kwamiti ya ƙi. Ƙa'idar da ya rubuta ita ce kuɗin da ba su shiga asusu ba ba sa shiga tsarin shekara, in sun zo a sayi kaya masu daɗewa da su.

Abin da lamarin ya nuna

Ba hana kuɗi ne ya kusa rusa ƙungiyar ba. Babu wanda ya taɓa cewa a'a. An gina shirin shekara guda a kan kuɗin da ba su da kaso a kasafi kuma ba su da ranar fitowa, sannan aka ci bashi a kansu. Kuskure mafi tsada shi ne dakatar da koyarwar mako-mako, wadda ba ta buƙatar ko kwabo, domin ita ce ta kori manyan yara.

Harajin naira 5,000 da ɗari-ɗarin Alhamis duk daga aljihun iyaye ɗaya suke fitowa, kuma a makonni 36 na shekarar karatu ɗari-ɗarin ta kai naira 3,600. Ɗaya ya faɗi, ɗaya ya tsaya, saboda na biyun ƙanana ne, a rubuce suke, ana karanta su a fili, kuma akwai ƙofa ga wanda ba shi da su. Ba don wannan ƙofa ba, da maganar ɗaukar nauyin kai ta zama hanyar tace 'ya'yan talakawa daga ƙungiyar.

Ba daidai ba ne kuma a karanta wannan a ce gwamnati ba ta da aiki a ciki. Filin da aka kwana na gwamnati ne, albashin jagoran na gwamnati ne, kuma abin da ya tsayar da kwana a sansani bayan Maris, wato tsaro, babu karo-karon da zai saye shi. Akwai kuma gyara mai sauƙi daga ɓangaren ofisoshi: da an gaya wa jagoran a Janairu 2023 cewa babu kaso, ya sake nema a Yuni, da bai ci bashin tela ba. Amincewar baki da ba ta da kuɗi a bayanta ta fi ƙi a rubuce illa.

Akwai abubuwan da ba su warware ba. Biyar daga cikin manyan yaran da suka janye a 2023 ba su dawo ba. Naira 100 ba ta sayen abin da take saye lokacin da aka sa ta, kwamiti kuma ya rabu biyu kan mayar da ita 200, domin ma'aji yana ganin masu biya da aiki za su fi aikin da ake da shi yawa. Jagoran har yanzu shi kaɗai ne malamin da ya san aikin, mataimakinsa bai yi kwas ba, kuma canjin wurin aiki na iya zuwa masa a kowane zango. Kwamiti ya sa kuɗin horar da mutum ɗaya a lissafinsa na shekara mai zuwa, daga kuɗin sayar da itatuwa da gudummawar tsofaffin ɗalibai, ya kuma bar buƙatar horon a takardar da zai sake kaiwa ofis a watan Yuni.